Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu

Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda ake kira Industrial Training Fund da Turanci kuma aka fi sani da ITF, hukuma ce ta gwamnatin tarayyar Najeriya da ke tara kuɗi daga hannun kamfanoni domin horar da ma'aikata da koya wa matasa sana'o'i. An kafa hukumar a ranar 8 ga Oktoba, 1971, ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 47, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Hedikwatarta tana kan titin Miango a Jos, babban birnin Jihar Filato, kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya.

Ɗaliban manyan makarantu sun fi sanin hukumar ta hanyar shirin SIWES, wanda ake tura su wuraren aiki na wasu watanni kafin su kammala karatu. Su kuwa kamfanoni sun san ta ne da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu da doka ta wajabta musu biya duk shekara. An gina tsarin hukumar a kan kamfanoni masu rajista da ke biyan albashi a rubuce, alhali mafi yawan 'yan Najeriya suna koyon sana'a ne a shaguna da gareji da kasuwanni. Yawancin sauye-sauyen da aka yi wa ayyukan hukumar a shekarun baya-bayan nan ƙoƙari ne na cike wannan giɓi.

Tarihi

Bayan samun 'yancin kai a 1960, yawancin manyan kamfanonin Najeriya na Turawa ne da Larabawan Labanan da Indiyawa, kuma muƙaman injiniyoyi da manajoji da ƙwararrun masu gyaran injuna suna hannun baƙi. Da aka gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, gwamnatin Gowon ta fitar da Shirin Raya Ƙasa na Biyu na 1970 zuwa 1974, wanda ya ba da muhimmanci ga sake gina ƙasa da mayar da tattalin arziki hannun 'yan ƙasa. A 1972 aka kafa dokar da ta keɓe wasu harkokin kasuwanci ga 'yan Najeriya kaɗai, ta kuma tilasta wa wasu kamfanonin baƙi sayar musu da hannun jari. Mallakar kamfani ba ta wadatarwa idan babu waɗanda za su iya tafiyar da shi, don haka aka buƙaci hukumar da za ta tabbatar ana horar da 'yan ƙasa a cikin masana'antun. Dokar 1971 ta ɗora wa ITF alhakin ƙarfafa samun ƙwarewa a masana'antu da kasuwanci, domin a samu isassun ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasa.

Gwamnatin tarayya ta ba hukumar fam 500,000, daidai da naira miliyan 1 a canjin lokacin, domin ta fara aiki. An yi wa dokarta gyare-gyare sau da dama. Gyaran 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, shi ya fi faɗaɗa yawan kamfanonin da ke biya, sannan aka sake taɓa dokar a 2023.

Tsarin gudanarwa

Hukumar tana da majalisar gudanarwa da ta ƙunshi wakilan gwamnati da na masu kamfanoni da na ƙungiyoyin ƙwadago. An haɗa su ne saboda kuɗin na kamfanoni ne, horon kuma na ma'aikata. Babban Darakta, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi ke tafiyar da ayyukan yau da kullum. Joseph Ari ya riƙe muƙamin daga 2016 zuwa 2023, sai Afiz Oluwatoyin Ogun ya gaje shi.

Ana gudanar da mafi yawan ayyukan ne ta ofisoshin yanki da ke manyan garuruwan jihohi, irin su Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri da Fatakwal da Inugu, yayin da Legas ke da ofishi fiye da ɗaya saboda yawan kamfanoninta. Ofishin yanki ne ke yi wa kamfanoni rajista, ya bi sawun kuɗin da ake bin su, ya duba horon da suke bayarwa, ya kuma kula da ɗaliban SIWES da aka turo yankinsa.

Yadda ake tara kuɗi

Babbar hanyar samun kuɗin hukumar ita ce gudummawar dole da masu ɗaukar ma'aikata ke biya. Ana lissafa ta da kashi 1 cikin 100 na duk abin da kamfani ya biya ma'aikatansa a shekara, wato albashi da alawus-alawus. Daga aljihun kamfani kuɗin ke fita, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Wa'adin biyan na kowace shekara shi ne 1 ga Afrilun shekarar da ke biye, kuma akwai tarar kashi 5 cikin 100 na abin da ba a biya ba a kan kowane wata da aka yi jinkiri.

Kafin 2011 dokar ta fi shafar manyan kamfanoni. Gyaran wannan shekarar ya shigo da duk mai ma'aikata 5 ko fiye, da kuma wanda ma'aikatansa ba su kai 5 ba amma cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 50. Ya kuma sa takardar shaidar biyan kuɗin ITF ta zama cikin takardun da ake nema daga mai neman kwangilar gwamnatin tarayya. Ƙananan 'yan kasuwa sun yi ta kukan cewa nauyin ya yi musu yawa idan aka haɗa da sauran haraji. A watan Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta ɗaga adadin zuwa ma'aikata 25 ko fiye, ta kuma cire kamfanonin da ke aiki a yankunan ciniki marasa haraji.

Dalilin tilasta biyan kuɗin yana da nasaba da halayyar kasuwar ƙwadago. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya horar da mai walda ko mai gyaran injin yana iya rasa shi da zarar wani kamfani ya yi masa tayin albashi mafi tsoka, kuma wanda ya ɗauke shi bai kashe ko sisi wajen koya masa ba. Idan kowa ya yi wannan lissafi, sai kowa ya zauna jiran wani ya horar, a ƙarshe ƙwararru su yi ƙaranci. Gudummawar dole tana raba nauyin a kan kowa, har da kamfanin da bai horar da kowa ba.

Mayar wa kamfanoni kuɗi

Kamfanin da ya biya gudummawarsa cikakkiya, ya kuma horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojin hukumar, yana iya neman a mayar masa da wani kaso wanda bai wuce rabin abin da ya biya ba. Misali, kamfanin da albashin ma'aikatansa na shekara ya kai naira miliyan 100 zai biya naira miliyan 1, kuma mafi yawan abin da za a mayar masa shi ne naira 500,000. Sauran rabin yana zama a asusun domin ayyukan hukumar da shirye-shiryenta na horo.

Ba kowane horo ake mayar da kuɗinsa ba. Ana so kamfani ya sanar da hukumar shirinsa na horo ya samu amincewarta, sannan ya ajiye shaidu kamar rasit da sunayen waɗanda suka halarta da takardun kammalawa. Manyan kamfanoni irin su bankuna da kamfanonin mai da na siminti, waɗanda ke da sashen horo da ma'aikatan da ke bin takardu, sun fi cin moriyar wannan tsari. Matsakaitan kamfanoni da dama suna biya ne kawai don samun takardar shaida, ba sa neman a mayar musu da komai, sai gudummawar ta zame musu tamkar wani haraji.

Shirin SIWES

SIWES taƙaitaccen sunan shirin sanin makamar aiki ne na ɗaliban manyan makarantu. Ɗalibai sukan kira shi "IT". Hukumar ta ƙirƙiro shi a 1973, aka fara aiwatar da shi a 1974, bayan masu masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa waɗanda suka kammala jami'a da kwalejojin fasaha suna zuwa da ilmin littafi, amma ba su taɓa riƙe kayan aikin da za su yi amfani da su ba.

Da farko ITF ce kaɗai ke ɗaukar nauyin shirin. Da yawan ɗalibai ya ƙaru, kuɗin ya fi ƙarfinta, sai ta janye a 1978. A 1979 gwamnati ta miƙa shi ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE. A ƙarshen 1984 aka yanke shawarar mayar da shi hannun ITF, wadda ta karɓe shi a 1985, da sharaɗin gwamnatin tarayya ce za ta riƙa biyan kuɗinsa. Ke nan alawus ɗin ɗaliban SIWES daga kasafin kuɗin gwamnati yake fitowa, ba daga gudummawar kamfanoni ba.

Shirin ya shafi ɗaliban injiniyanci da aikin gona da kimiyya da kwamfuta da zanen gine-gine da ilmin koyar da fasaha da makamantansu. Ɗaliban jami'a galibi suna yin wata 6, na foliteknik da na kwalejojin ilmi kuma wata 4. Wannan daban yake da shekara ɗaya ta aikin sanin makama da mai ƙaramar difloma ke yi kafin ya koma neman babbar difloma, ko da yake ana kiran duka biyun da suna ɗaya.

Kafin tafiya, makaranta da jami'an ITF suna shirya wa ɗalibai taron wayar da kai. Ana ba kowane ɗalibi logbuk, littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana, wanda mai kula da shi a wurin aiki ke sa wa hannu duk mako. Malami daga makarantarsa yana kai masa ziyara don ganin ko yana zuwa aiki da gaske. A ƙarshe ɗalibi yana cike fom mai lamba 8, ya kai logbuk ɗinsa ofishin yanki a buga masa hatimi, sannan ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamansa. Makin da ya samu yana shiga sakamakonsa na kammala karatu.

Alawus ɗin ɗalibi ya daɗe a kan naira 2,500 a wata, wato naira 15,000 ga mai wata 6. Faɗuwar darajar naira ta sa kuɗin ba ya isar ɗalibi ko na mota, kuma biyansa yakan yi jinkiri har bayan an koma makaranta.

Cibiyoyi da shirye-shiryen koyon sana'a

Hukumar tana da cibiyoyin horo nata na kanta. Akwai cibiyoyin koyar da sana'o'in masana'antu a Ikeja da Kano da Lokoja, da cibiyar horo a Bukuru kusa da Jos, da kuma wata cibiya ta zamani a Abuja da aka kafa da haɗin gwiwar wata cibiyar ilmin fasaha ta ƙasar Singafo. A waɗannan wurare ana koyar da aikin lantarki da walda da kanikancin mota da gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki da girke-girke da aikin otal da fasahar sadarwa. Hukumar tana kuma shirya gajerun kwasa-kwasai ga ma'aikatan kamfanoni da na gwamnati. Akwai wani shiri da take gudanarwa tare da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Najeriya, NECA, inda ake horar da matasa a cibiyoyin da kamfanoni suka mallaka.

Daga shekarun 2010 hukumar ta ƙara karkata ga matasan da ba su da aikin yi. Shirinta na NISDP ya riƙa ɗaukar matasa daga kowace jiha ya koya musu sana'a ta wasu watanni, kamar ɗinki da walda da aikin famfo da sa tayil da haɗa sola, sannan a ba su kayan fara aiki irin su keken ɗinki ko injin walda. A 2024, zamanin Shugaba Bola Tinubu, aka ƙaddamar da shirin SUPA, wanda ya nufi masu sana'ar hannu da suka riga suka iya aiki, domin a ƙara musu ƙwarewa a kuma ba su takardar shaida.

Sauran hukumomi

ITF ba ita kaɗai ke wannan aiki ba. NBTE, wadda aka kafa a 1977 da hedikwata a Kaduna, ita ke tsara manhaja da tantance kwasa-kwasan foliteknik da kwalejojin fasaha, ita kuma ke kula da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQF. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ta samo asali ne a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya jawo korar ma'aikata. Tana haɗa matasa da masu sana'a su koya a shagunansu, tana kuma ba wasu rancen kayan aiki. Hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992 da hedikwata a Benin, tana shirya jarrabawar kammala makarantun fasaha, Ma'aikatar Ƙwadago kuma tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku. A 2016 gwamnatin Buhari ta fara shirin N-Power, wanda ya riƙa biyan matasa masu digiri da difloma naira 30,000 a wata.

Waɗannan hukumomi suna ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban: ITF a ta masana'antu, NBTE da NABTEB a ta ilmi, NDE a ta ƙwadago. Saboda haka ayyukansu sukan yi karo, kuma takardun da suke bayarwa ba koyaushe masu ɗaukar aiki ke sanin matsayin kowacce ba.

Rawar jihohi

Gudummawar kamfanoni tana shiga asusu ɗaya ne na tarayya, jihohi ba su da kaso na kai tsaye a ciki. Jihar da ke son shirin horo da ya dace da tattalin arzikinta sai ta nemo kuɗi daga kasafinta ko daga ƙungiyoyin agaji. Jihar Legas ta kafa asusun samar da ayyukan yi, LSETF, a 2016 zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, da alƙawarin naira biliyan 25 cikin shekara 4, domin ba ƙananan 'yan kasuwa rance mai sauƙin ruwa da horar da matasa. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a fiye da 20, da suka haɗa da na kiwon kaji da kiwon kifi da tuƙi da kwamfuta, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje kuma ta gina cibiyar koyon sana'o'i mai ɗauke da sunan Aliko Dangote a kan titin Zariya. Irin waɗannan cibiyoyi sukan dogara da ra'ayin gwamnan da ke kan mulki, wasu sukan tsaya cik idan gwamnati ta sauya.

Rabon masana'antu a ƙasar ma ba daidai yake ba. Mafi yawan manyan kamfanoni suna Legas da Ogun da yankin mai. A Arewa, masaƙun Kaduna da ke unguwar Kakuri, waɗanda suka ɗauki dubban ma'aikata, yawancinsu sun rufe a shekarun 2000, haka ma masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, saboda ƙarancin lantarki da shigo da kaya masu araha daga waje. Wannan ya rage kamfanonin da ke biyan gudummawa a yankin, ya kuma rage wuraren da ɗalibai za su yi SIWES. Ɗalibai da dama suna ƙarewa ne a ofisoshin gwamnati da ba su da kayan aikin fanninsu.

Koyon sana'a a wajen ubangida

Binciken ƙwadago na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, wato noma da kasuwanci da sana'o'in hannu da ba su da rajista. A wannan ɓangare ana koyon aiki ne a wajen ubangida. A ƙasar Hausa sana'o'i irin su ƙira da jima da rini da dukanci da gini gado ne, yaro yana tashi ya koya a hannun mahaifinsa ko ɗan'uwansa. Sababbin sana'o'i kamar kanikanci da walda da wayarin da gyaran waya sun bi wannan sawu da ɗan bambanci: uba ko yaya yana kai yaro wajen oga ya damƙa masa amanarsa, yaron ya fara da shara da miƙa sifana da aike, a hankali a riƙa sakar masa aiki, har ranar da za a yaye shi ya buɗe nasa wurin.

Tsarin yana da araha kuma yana koyar da aiki na zahiri, amma yana da iyaka. Yaro ba ya wuce abin da ogansa ya sani, shi ya sa bakaniken da ya ƙware a tsofaffin motoci yakan rasa ta cewa a gaban motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gano ciwonta. Babu kuma takardar da ke nuna abin da ya iya, don haka kamfanin gine-gine ko na mai ba shi da hanyar tantance shi. Waɗannan shaguna ba sa biyan gudummawar ITF, ba sa kuma cikin waɗanda ake mayar wa kuɗi, duk da cewa su ke horar da mafi yawan masu sana'a.

Tsarin NSQF ya tanadi hanyar auna ƙwarewar da mutum ya samu a wajen makaranta. Mai tantancewa yana zuwa ya ga aikin mutum da idonsa, ya ba shi matakin da ya dace, ko da bai yi karatun boko mai zurfi ba. Kasuwar Panteka da ke Kaduna, wadda ta shahara da maƙera da masu walda da kafintoci, tana cikin wuraren da aka fara gwada wannan, da haɗin gwiwar NBTE da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Matsaloli

Kamfanoni da dama da dokar ta shafa ba sa biya, ko suna rage adadin albashin da suke bayyanawa. Masu masana'antu kuma suna kukan yawan kuɗaɗen dole, domin ban da na ITF akwai na fansho da na inshorar haɗarin aiki. A ɓangaren matasa, horon wata uku ko shida ba ya kai mutum ga ƙwarewar da ake samu a shekaru, kuma wanda aka ba injin walda ko keken ɗinki yana buƙatar shago da lantarki da jarin sayen kaya, abin da ke sa wasu sayar da kayan da aka ba su. Hukumomi sun fi bayyana yawan waɗanda aka horar fiye da yawan waɗanda suka samu aiki ko suka riƙe sana'ar bayan horon, alhali wannan ne ma'aunin da ke nuna ko kuɗin ya yi amfani.

Makamantansa a wasu ƙasashe

Cire wani kaso na albashi domin horo tsohon tsari ne. Barazil ta kafa hukumar SENAI a 1942 da kuɗin da masana'antu ke biya. Birtaniya ta yi dokar horon masana'antu a 1964, wadda ta kafa hukumomin da ke karɓar kuɗi daga kamfanoni su mayar wa waɗanda suka horar, kuma a 2017 ta fara karɓar kashi 0.5 cikin 100 daga kamfanonin da albashinsu na shekara ya wuce fam miliyan 3. Afirka ta Kudu ta kafa nata tsarin da dokar 1999, inda ake karɓar kashi 1 cikin 100 a raba wa hukumomin horo na kowane fannin tattalin arziki. A Jamhuriyar Nijar akwai asusun FAFPA, wanda ke tallafa wa horon ma'aikata da na masu koyon sana'a a shaguna.